Tokin na bulokcen da izinin majinyaci kan bayanan lafiyarsa: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa a bakin likitoci, ma'aikatan ɗakin ajiye fayil, matasa masu haɗa manhaja, da majinyatan da suka ji wai nan gaba tokin ne zai riƙa tsare musu sirrin rashin lafiyarsu. Na farkon masu sauƙi ne, na ƙarshen sun ɗan shiga ciki. Inda wata amsa ta jingina da wata, an nuna.

Wane izini ake magana a kai? Ba shi ne takardar da ake sa wa hannu kafin tiyata ba?

Dangi ne, amma ba shi ba ne. Takardar tiyata izini ce a taɓa jikinka. Wanda muke magana a kai izini ne a taɓa labarin jikinka: sakamakon gwajin jini, hoton ƙirji, sunayen magungunan da kake sha, da abin da ka faɗa wa likita bayan an rufe ƙofa. Waɗannan bayanai suna yawo fiye da yadda majinyaci yake zato. Asibiti yana aika su wani asibiti idan an tura ka can, yana aika wasu ga kamfanin inshora don a biya shi, masu bincike a jami'o'i suna nema, kamfanonin magani da masu horar da ƙirƙirarriyar basira kuma suna nema da kuɗi a hannu.

Izinin da doka take ganin ƙimarsa yana da sharuɗɗa. Mutum ya san wa zai gani da kuma don me, ya bayar ba tare da an matsa masa ba, kuma ya iya janyewa ranar da ya ga dama. Haka dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, ta tanada. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ita ma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma ɗora wa mai riƙe da bayanan nauyin tabbatar da cewa an ba shi izini. Tun kafin ita, sashe na 26 na dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ya ce bayanan majinyaci sirri ne, ba a fitar da su sai da amincewarsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko wasu dalilai 'yan kaɗan da dokar ta lissafa.

Me ya samu takarda da biro har ake neman wata hanya?

Takarda tana zaune a folda ɗaya a asibiti ɗaya, kuma wanda yake riƙe da ita shi ne wanda za a tuhuma idan rigima ta tashi. Ba ta bin bayanan inda suka tafi. Ba ta faɗa maka wa ya buɗe fayil ɗinka jiya da dare. Kuma ana iya rubuta ta yau a sa mata kwanan watan bara.

Mutanen Kano ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan na ƙarshe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200, rabi aka ba su shi, rabi wani maganin daban, yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba, kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki. A 2001 jaridar Washington Post ta ruwaito cewa wasiƙar amincewar kwamitin ɗa'a an rubuta ta ne bayan an gama gwajin, aka sa mata tsohon kwanan wata. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wancan izinin magani ne, amma tambayar ɗaya ce: wa ya yarda, da me, yaushe, ina shaida?

A Amurka kuma, ƙabilar Havasupai ta jihar Arizona ta ba masu binciken jami'ar jihar jini tun daga 1990 don a binciki ciwon suga da ya addabe su. Daga baya suka gano an yi amfani da jinin wajen binciken taɓin hankali, auren zumunci da asalin kakanninsu. A 2010 jami'ar jihar ta biya dala 700,000 ta mayar da jinin. A Landan, asibitin Royal Free ya miƙa wa DeepMind, kamfanin Google, bayanan majinyata kusan miliyan 1.6 don gwada wata manhajar gano ciwon ƙoda, sai a 2017 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ce asibitin ya saɓa doka, domin ba a sanar da mutanen yadda ya kamata ba.

Mene ne bulokcen, a taƙaice?

Kundi ne na rubuta abubuwan da suka faru, wanda kwamfutoci da yawa suke riƙe da kwafinsa iri ɗaya. Ka ɗauka 'yan adashe ne suka ce ba za su bar littafi a hannun uwar adashe kaɗai ba: kowa yana da nasa, duk zubin da aka yi sai kowa ya rubuta, kuma kowane sabon shafi yana ɗauke da alamar shafin da ya gabace shi. Wanda ya koma ya goge wani layi a shafin watan jiya, alamomin da ke bayansa duk za su daina dacewa, littafinsa kuma ya saɓa da na sauran.

Bitcoin ne ya fara aiki da wannan tsari a 2009. Ethereum, wanda ya fara a 2015, ya ƙara wani abu: ana iya ajiye ƙaramin shirin kwamfuta a cikin kundin, wanda yake zartar da sharaɗi da kansa idan lokacinsa ya yi. Shi ake nufi da yarjejeniya mai sarrafa kanta, kuma a kanta ake gina tokin.

Tokin ɗin nan irin wanda matasa suke mayinin a waya ne?

A'a, kuma nan ne ruɗanin ya fi yawa, musamman tun 2024 da ake ganin mutane suna dangwalar fuskar waya dare da rana suna jiran fashewa. Wancan tokin kuɗi ne ko fatan kuɗi: duk ɗaya daidai yake da ɗan'uwansa, ana saye ana sayarwa. Tokin izini shaida ce guda ɗaya tak mai cewa wane ya yarda wane ya ga abu kaza, don dalili kaza, zuwa rana kaza. Ya fi kusa da abin da ake kira NFT, inda kowane ɗaya yake da lambarsa, tsarin da Ethereum ya daidaita a 2018.

Ko NFT ɗin ma bai dace sosai ba, domin ana iya miƙa shi ga wani. Idan na ba likitan ƙoda izini, ba na so ya tura wa kamfanin inshora. Shi ya sa masu tsara irin wannan aiki suka fi karkata ga tokin da ba ya barin walet ɗin da aka sa shi, wato asusun lantarki da ke riƙe tokin, ra'ayin da Vitalik Buterin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Ethereum, ya yayata a 2022. Akwai kamfanonin da suke cakuɗa biyun, tokin izini da tokin lada. Duba tambayar sayar da bayanai kafin ka yi murna.

Yaya abin yake gudana a aikace?

Mu ɗauki mace mai ciwon suga da take zuwa wani asibiti shekara da shekaru, yanzu an tura ta wurin likitan ido a wani gari. Likitan idon yana so ya ga gwajin sukarinta da jerin magungunanta. Kwamfutarsa ta aika buƙata. Saƙo ya shigo wayarta: likita wane na asibiti kaza yana neman gwajin suga na shekara 2 da suka wuce da jerin magunguna, don duba ido, na tsawon kwana 30. Ta danna amincewa. Wayar ta sa hannu da mabuɗin sirrinta, wato wata doguwar lamba da ita kaɗai ke da ita, sai yarjejeniyar da ke kan kundi ta samar da tokin a walet ɗin likitan. A cikinsa akwai lambar da ke wakiltarta, wadda ba sunanta ba ce, da lambar likitan, da nau'in bayanan, da dalili, da ranar ƙarewa.

Likitan ya je ƙofar rumbun bayanan asibitin farko da wannan tokin. Kwamfutar asibitin ta leƙa kundi: tokin na nan? Bai ƙare ba? Ba a soke shi ba? Abin da ake nema yana cikin abin da aka yarda? Idan duk haka ne, ta saki gwajin suga da magunguna, ta bar fayil ɗin haihuwa da na sauran cututtuka a rufe. Sannan ta rubuta a kundi cewa an buɗe, da ƙarfe nawa. Bayan kwana 30 ƙofar ta rufe ba tare da kowa ya tuna ba.

Lura da abu ɗaya, domin duk sauran amsoshin a kansa suka rataya. Kundin bai riƙe ƙofar ba. Kwamfutar asibiti ce ta riƙe ta, ita ce ta zaɓi ta tambayi kundi kafin ta buɗe. Idan ma'aikacin da ke kula da rumbun ya kwafe fayil a filasha ya fita ta baya, kundin bai san an yi ba.

Wato sakamakon gwajina za a ɗora a bulokcen?

Bai kamata ba, kuma duk tsarin da ya ce zai yi haka a guje shi. Abin da aka rubuta a kundi ba ya gogewa, kuma kwafinsa yana hannun mutane da yawa. Ko an kulle shi da lambobin sirri, makullin da ya gagara yau ba lallai ya gagara nan da shekara 30 ba, alhali sakamakon gwajin HIV ko na ƙwayoyin gado ba ya tsufa. Bayan haka hoton sikanin ɗaya ma ya yi wa kundi nauyi. Saboda haka bayanan suna zaune a rumbun asibiti, abin da ke hawa kundi shi ne izini, da tarihin buɗewa, da wani gajeren tambarin lissafi da ake kira hash, wanda ake cirowa daga fayil. Harafi ɗaya aka canza a fayil, tambarin zai canza gaba ɗaya, ta haka ake gane an taɓa shi.

Ko wannan ɗan abin ma yana iya tona asiri. Idan lambar da ke wakiltarka ta bayyana duk wata tana ba asibitin masu taɓin hankali izini, ba sai an ga fayil ba. Kuma haɗa lamba da suna bai kai wuyar da ake zato ba. A 1997 Latanya Sweeney, tana ɗaliba a jami'ar MIT ta Amurka, ta gano fayil ɗin asibitin gwamnan Massachusetts, William Weld, a cikin bayanan da aka ce an cire sunaye, ta hanyar haɗa su da rajistar masu zaɓe. Daga baya ta lissafa cewa ranar haihuwa, jinsi da lambar unguwa sun isa a ware kusan kashi 87 cikin 100 na Amurkawa ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa tsari mai kyau yake ba majinyaci sabuwar lamba a kowace mu'amala.

Idan na canza ra'ayi, zan iya janye izinina?

Za ka iya, kuma a nan tokin ya fi takarda nesa ba kusa ba. Ka danna sokewa, a rubuta a kundi, daga wannan lokacin duk kwamfutar da ta leƙa za ta ga izinin ya mutu. Ba sai ka bi ofis-ofis kana neman wanda ke riƙe da fom ɗinka ba. GDPR ta ce dole janye izini ya zama da sauƙi kamar ba da shi, wannan kuwa ya cika sharaɗin.

Amma sokewa gaba take aiki. Abin da likita ya riga ya karanta ya karanta. Abin da mai bincike ya sauke a kwamfutarsa yana nan, idan har an buga sakamakon binciken ko an horar da wata manhaja da shi, ba mai iya zaro naka daga ciki. Abin da kake da shi a hannu shi ne shaida mai kwanan wata cewa ka janye, wadda za ta yi maka amfani a gaban hukuma ko kotu idan aka ci gaba da amfani da bayananka. Wasu tsare-tsare suna rage ɓarnar ta hanyar hana saukewa kwata-kwata: mai bincike ya aiko da tambayarsa, a yi lissafin a cikin rumbun asibiti, a ba shi amsa kawai.

Doka ta ce ina da haƙƙin a goge bayanaina. Yaya za a yi da kundin da ba ya gogewa?

Nan gizo yake saƙa. Sashe na 17 na GDPR ya ba mutum wannan haƙƙi, dokar Najeriya ta 2023 ma ta ba shi. Hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta fitar da shawara tun 2018 cewa kada a ɗora bayanan mutum a fili a kan kundi, a tsara abin ta yadda idan aka goge asalin fayil da mabuɗin da ke haɗa shi da tambarinsa, abin da ya rage a kundi ya zama lamba marar ma'ana. A 2025 majalisar hukumomin kare bayanai ta Turai ta fitar da jagora mai irin wannan alƙibla, tana cewa a fara tambaya ko bulokcen ɗin ma ya zama dole.

Ka kuma sani haƙƙin gogewa yana da iyaka ko babu bulokcen. Asibiti yana da hurumin ajiye fayil ɗin jinyarka na wasu shekaru, don kare kansa da kai duka.

Idan wayata ta ɓace, ko aka kawo ni asibiti ban san inda kaina yake ba?

A duniyar kirifto, wanda ya rasa mabuɗinsa ya rasa dukiyarsa, babu ofishin kai kuka. Wannan ƙa'ida ba za ta yiwu a asibiti ba. Dole a samu hanyar maido da mabuɗi: ko a raba shi tsakanin amintattu kamar uku, biyu su haɗu su maido maka, ko wata hukuma ta riƙe maka ta sake ba ka bayan ta tantance ka. Duk wadda aka zaɓa, an dawo ga dogaro da mutane, abin da masu tallar bulokcen suka ce sun zo kawarwa.

Na gaggawa kuwa, likita ba zai tsaya jiran tokin ba alhali mutum yana zubar da jini, doka ma ba ta ce ya jira ba. Ana barin ƙofar gaggawa: likita ya buɗe ba izini, ya rubuta dalilinsa, buɗewar ta hau kundi, in ka farfaɗo ka gani, kwamiti kuma ya duba. Wannan ƙofa ita ce ta fi buƙatar sa ido, domin duk mai son leƙen fayil ɗin tsohuwar matarsa ta nan zai bi.

Wanda ba shi da babbar waya ko bai iya karatu ba fa? Yara fa?

Ana iya yin amincewa ta gajeren saƙo a ƙaramar waya, ko da kati mai lambar sirri, ko da zanen yatsa a teburin asibiti, asibitin ya riƙe walet a madadin mutum. Yara da waɗanda hankalinsu ya gushe, waliyyi ne yake sa hannu, kuma ana iya tsara yarjejeniyar ta miƙa wa yaro ikonsa ranar da ya cika shekara 18.

Sai dai a gane iyakar abin. Duk wanda ya taɓa zama a layin asibiti ya ga yadda ake yi: nas ta miƙo fom da Turanci, ta nuna layi da biro, "Baba, dangwala nan," ya dangwala, na baya ya matso. Idan aka mayar da wannan dangwalar ta zama tokin, an sami shaida da ba ta gogewa a kan yardar da ba a fahimta ba, kuma shaidar asibiti za ta kare, ba Baba ba. Haka idan wayar gidan ɗaya ce kuma tana aljihun maigida, saƙon neman izinin fayil ɗin matarsa wurinsa zai je. Lissafi yana iya tabbatar da cewa an danna. Wa ya danna, an yi masa bayani da harshen da yake ji, ya san zai iya cewa a'a a ci gaba da duba shi, waɗannan aikin mutane ne.

Akwai inda ake amfani da shi da gaske?

Estoniya ake yawan ambata. Tana da tsarin bayanan lafiya na ƙasa tun 2008, ɗan ƙasa yana shiga da katin shaidarsa ya ga duk likitan da ya buɗe fayil ɗinsa, yana kuma iya rufe wasu bayanai. A 2016 aka sanar da haɗin gwiwa da kamfanin Guardtime don hatimce tarihin shiga fayil da fasaharsa ta KSI. Amma a lura: babu tokin a ciki, ba a ɗora fayil a kundi, tambarin lissafi kawai ake hatimcewa don kada wani ya goge sawunsa. Kuma ƙasa ce mai mutum kimanin miliyan 1.3 da kowa ke da katin shaida mai aiki.

Wanda ya fi kusa da batunmu shi ne MedRec, da masu bincike a MIT suka gina kan Ethereum suka gwada da asibitin Beth Israel Deaconess na Boston a 2016. Kundin yana riƙe da izini da adireshin inda fayil yake. Abin mamaki a tsarin farkon shi ne ladan masu tabbatar da kundin: bayanan majinyata ne da aka tattara aka cire sunaye. A Malta an gina Dwarna don masu ba da samfuri ga ma'ajiyar bincike su riƙa bayarwa da janye izini bincike bayan bincike. Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin MyHealthMyData daga 2016 zuwa 2019. Mafi yawan irin waɗannan sun tsaya a matakin gwaji. Dalilin bai cika zama lissafi ba: asibitoci suna amfani da manhajoji da ba sa jin yaren juna, kuma ba kowane asibiti yake so a ga tarihin wanda ya buɗe fayil ba.

An ce zan iya sayar da bayanaina a biya ni da tokin. Gaskiya ne?

An yi alkawarin, musamman a 2017 da 2018 lokacin da kowane kamfani yake fitar da nasa koyin. Hujjarsu ba ta banza ba ce. A 2018 kamfanin magani na GSK ya zuba dala miliyan 300 a 23andMe, mai gwajin ƙwayoyin gado, domin amfana da rumbun bayanansa, mutanen da suka aika yawunsu a gwada kuwa su ne ma suka biya kuɗin gwaji. Nebula Genomics, wanda George Church na Harvard yake cikin masu kafa shi, ya fito da shirin biyan mutane da tokin. LunaDNA ya raba wa masu ba da bayanai hannun jari, ya rufe a farkon 2024. Bayanan mutum miliyan suna da tsada, na mutum ɗaya ba su kai abin kirki ba, tokin lada kuma yana iya zama romon baka idan ba mai saye.

Akwai matsala ta ɗa'a kuma. Inda talauci ya yi katutu, ƙaramin kuɗi ya isa ya sa mutum ya yarda da abin da ba zai yarda ba da yana da na cefane. Sannan bayanan gado ba naka ne kai kaɗai ba. Wanda ya sayar da nasa ya sayar da wani ɓangare na 'ya'yansa da 'yan'uwansa, waɗanda ba a tambaye su ba. A tuna kuma da ƙarshen labarin 23andMe: an yi masa kutse a 2023 da ya shafi mutum kusan miliyan 6.9, a watan Maris 2025 ya shigar da takardar karayar arziki, rumbun bayanan ya shiga cikin kadarorin da aka yi cinikinsu.

Kundin kowa da kowa ake amfani da shi, ko na 'yan gida?

A Ethereum kowa yana iya karantawa, kuma kowane rubutu ana biyan kuɗin aiki da ake kira gas, wanda ke hawa da sauka. Ga asibitin da yake ganin ɗaruruwan mutane kullum, wannan kashe kuɗi ne da tallar sirri (duba tambayar ɗora sakamakon gwaji). Ayyukan lafiya da dama suna zaɓar kundi na 'yan gida irin Hyperledger Fabric, wanda a kansa aka gina eNaira a 2021, inda sanannun cibiyoyi kaɗai suke riƙe da kwafi. Ƙarfinsa yana ga yawan masu riƙon da bambancinsu. Idan kwamfutoci biyar ne kuma duk na kamfani ɗaya, rumbu ne na yau da kullum da aka sa wa babban suna.

To, ba za a iya duk wannan ba tare da bulokcen ba?

Za a iya mafi yawansa. Indiya ta ƙaddamar da shirin Ayushman Bharat na bayanan lafiya a duk ƙasa a watan Satumba 2021. Majinyaci yana amincewa a manhaja, a samar da takardar izini ta lantarki mai sa hannu, ɗauke da dalili da wa'adi, asibiti ya duba ta kafin ya saki fayil. Aikin tokin ke nan, ba tare da bulokcen ba. Ma'aunin musayar bayanan lafiya na FHIR ma yana da nasa tsarin rubuta izini, kuma duk tokin da bai yi magana da shi ba zai sha wuya a ƙofar asibitoci.

A ganina bulokcen yana cin kuɗinsa ne a wuri ɗaya: inda cibiyoyi da yawa suke musayar bayanai, babu wadda sauran suka yarda ta riƙe littafi ita kaɗai, kuma ana tsoron a koma a gyara tarihi. Binciken magani da ya haɗa kamfani na waje, asibitocin gida da hukumar sa ido misali ne mai kyau. Asibiti guda da ke son tsara izinin majinyatansa, rumbu mai kyau da rajistar shiga sun ishe shi. Wanda har yanzu fayil ɗinsa na kwali ne a kan kanta, wuta kuma tana zuwa tana ɗaukewa, tokin ba shi da ƙofar da zai tsare.

Doka ta san da tokin? Kuma komai sai da izinina?

Dokokin kare bayanai ba su damu da kayan aikin ba, sharuɗɗan izini suke dubawa, waɗanda aka lissafa a amsar farko. Tokin shaida ce, kuma dokar shaida ta Najeriya ta 2011, a sashe na 84, ta karɓi abin da kwamfuta ta fitar bisa sharuɗɗa. Gwamnatin tarayya ta amince da manufar bulokcen ta ƙasa a watan Mayu 2023, amma manufa ce, ba ta sauke wa kowa nauyin da dokar kare bayanai ta ɗora masa ba. Mai ƙorafi a Najeriya hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, zai nufa, a Nijar HAPDP, a Gana kuma hukumar da dokar 2012 ta kafa.

Ba komai ne yake jiran izini ba. Kwalara, zazzaɓin Lassa da sanƙarau dole a kai rahotonsu ga hukumomin lafiya ko majinyaci ya so ko ya ƙi. Kotu tana iya umarni. A Turai ma, dokar sararin bayanan lafiya da ta fara aiki a 2025 ta ba da damar amfani da bayanai don bincike ba tare da an tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya ba, sai dai wanda ba ya so ya cire kansa. Manhajar da ta ce maka ba mai ganin komai sai ka danna, ba ta gaya maka duka ba.

Wani kamfani ya kawo wa asibitinmu irin wannan tsari. Me za mu tambaye shi?

Ku ce ya nuna muku, a kan allo, ainihin abin da yake hawa kundi idan majinyaci ya amince, layi bayan layi. Ku tambayi su wa suke riƙe da kwafin kundin, a wace ƙasa kwamfutocin suke, kuma nawa ne ba nasa ba. Ku soke izini a gabansa, sannan ku gwada buɗe fayil ɗin ku ga ko ƙofar ta rufu da gaske. Ku cire intanet ku ga abin da likitan dare zai yi. Ku tambayi wa ya binciki yarjejeniyar mai sarrafa kanta, domin kuskure a cikinta yana da wuyar gyara: a 2016 rami ɗaya a yarjejeniyar The DAO, wani asusun zuba jari a kan Ethereum, ya sa aka janye kusan miliyan 3.6 na ether, kuɗin Ethereum.

Sannan ku kawo tsohuwa ɗaya daga layin masu jira, da yardarta, ku ba ta wayar, ku ga ko za ta iya faɗa muku da bakinta abin da ake neman ta amince da shi. A takardar kwangila kuma a rubuta ƙarara wa zai riƙe mabuɗai da fayil idan kamfanin ya rufe ko aka sayar da shi, da kwana nawa yake da su ya miƙa muku komai a tsarin da wata manhaja za ta iya karantawa.